Haruffa Huɗu a Kan Dutse

Talata, bayan la'asar. Ɗanzomo.

Da sunan Allah. Ni ne Cindo mahaƙin rijiya. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Ɗan ajamin da na tsinta a gaban malam ya ishe ni. Littafin nan jikata Naja'atu ce ta aiko min, wai in rubuta rijiyoyin da na haƙa kada in mutu da su a ciki. Saba'in da huɗu ne, daga Gumel har Gagarawa Tasha. Kowace na san gaba nawa ce, na san ɗanɗanon ruwanta, na san wanda ya fara zura mata guga. Waɗannan ba sa bukatar takarda. Wani abu ne daban zan rubuta.

Da damina, a kasuwar Maigatari, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ɗan Damagaram mai suna Siddiq ya tsaya ya zuba min ido. Na ce, "Malam, fuskar ba ta sayarwa ba ce." Ya ce, "Baba, yi haƙuri, na taɓa ganin fuskar nan a jikin wani." Wai shekarun baya ya yi aiki a can ƙarshen Aljeriya, inda duwatsu suke kallon tekun Bahar Rum. A can ya haɗu da wani mai neman ruwa a ƙasa, ya ce masa shi mutumin Ɗanzomo ne. Suna bai riƙe ba, Ɗan Gumel yake ce masa. Na ce yana raye? Ya sunkuyar da kai, ya ce ya dai ji an ce gobarar daji ta ci wani baƙo a wajen. Ko shi ne, ko wani ne, Allah masani.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ɗan farina ya fita daga gidan nan. Kyauta ake ce masa, don sai da muka shekara tara da marigayiya Larai kafin Allah ya ba mu shi. Ni ko Kyautan ba na faɗa. Wancan nake cewa, kamar yadda ubana ya yi wa yayana.

Naja'atu a Aljeriyar take karatun likita. Ta nemo min takardu, na sayar da shanun huɗa. Uwarta Safinatu ta yi kuka, ta ce shekara saba'in da takwas ba ta hawan dutse ba ce. Na ce wanda ya shekara hamsin yana sauka cikin ƙasa, ai a bar shi ya hau sau ɗaya. Gobe Kano, jibi jirgi.

Asabar, da hantsi. Gindin dutse.

Mun iso. Sanyin nan ba irin namu ba ne, wannan cizo yake yi. Naja'atu ta cusa ni cikin wata riga kamar buhun auduga, ta tsaya tana dariya.

"Tsoho, wannan kiɗan da haƙoranka suke yi, bikin wa ake?"

Na ce, "Amarya, ke da kika gudu kika bar miji shekara biyar, da wane bakin za ki yi magana?"

Ta ce, "Mijin da ba ya shan maganin hawan jini, ai gara gudun."

Masaukinmu ginin dutse ne mai jan rufi. A bayansa dutsen ya tashi, ya tashi, har sai mutum ya riƙe hularsa kafin ya ga ƙarshensa. Hukuma ta mayar da shi gandun daji, ba sara, ba farauta, ba kunna wuta. Ta taga kuma ga teku. Ruwa iya ganin ido, kuma wai ko akuya ba ta iya sha. Asara.

Ƙafata lafiya lau.

Lahadi, bayan azahar.

Mun je ofishin gandun. Ma'aikacin da ya karɓe mu dattijo ne mai gashin baki, sunansa Arezki. Na ce Arziki ke nan, Allah ya sa mun zo a sa'a. Naja'atu ta fassara masa, ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. Ya zuba mana shayi a wani ɗan kofin gilashi.

Ta ce muna neman kawunta, Kyauta. Ya yi ta juya sunan a bakinsa kamar dankali mai zafi. Ya ce baƙaƙen fata da yawa sun ratsa ta nan, masu tsinkar zaitun, masu gini, yau suna nan gobe sun tsallaka. Mutum ɗaya ya sani da ya zauna, a ƙauyen da yake can ƙoli. Bai riske shi ba, mutumin ya rasu kafin a kawo shi Arezkin aiki nan. "Amma shi ba Kyauta ba ne sunansa."

Ya tashi ya ɗora yatsa a kan taswirar da take bango, a kan wani ɗigo shuɗi. Idon ruwa ne, an sa masa sunan mutumin. An rubuta da boko, an rubuta da Larabci a ƙasa. Boko ba ruwana. Na ƙasan na gani.

Ya faɗi sunan.

Naja'atu ta ce, "A'a, ba shi ba ne. Namu Kyauta."

Shayin ya zube min a riga. Na ce laifin kofin ne, ba shi da mariƙi.

Haruffa huɗu ne. Ban ce komai ba.

Lahadi, gab da magariba.

Masu suna iri ɗaya sun yi yawa a duniya.

Talata, da hantsi.

Jiya mun yini a garin da yake ƙasa. Maƙabarta biyu, masallaci uku, wurin matsar zaitun. Naja'atu tana gaba da takarda, tana Larabci, tana Faransanci, ni ina biye kamar raƙumi da akala. Ko'ina Kyauta, Kyauta. Wani tsoho ya tambaya ko sunan mace ne.

A maƙabarta ita tana duba rubutun boko, ni ina duba na Larabci. Kowane dutse na karanta sai in ji sanyi a raina. Ba ya nan. In ba ya nan, ai yana wani wuri, yana cin abinci, yana tari, yana tsufa.

Ta gaji ƙwarai. Na ga tana murza idon sawunta a mota.

Laraba, bayan la'asar.

Arziki ya ce tunda mun zo, mu ga gandun. Ya bi da mu ta hanyar ƙasa, wadda ake bi da yara.

Akwai abin mamaki. Mutane ne, maza da mata, har da masu furfura, kowa da jaka a baya da sanduna biyu, suna hawa suna haki. Na ce a tambaye su me za su ɗauko a sama. Aka ce ba komai, hawan suka zo yi, wasu daga tsallaken teku. Na ce to, a garinmu wanda ya hau tudu ya sauko hannu wofi, rubutu ake nema masa ya sha. Naja'atu ta ƙi fassarawa.

Itatuwan kuwa sai dai a ce Allah mai iko. Arz suke ce musu. Mutum huɗu ba sa rungume gindin ɗaya, rassan a shimfiɗe kamar tabarmi bisa tabarmi, ga ƙanshi kamar an buɗe akwatin amarya. Arziki ya ce wani ya shekara ɗari takwas. Na gaishe shi, don ya girme ni.

Sai birai. Nasu ba su da wutsiya, ga gashi kamar sun sa bargo. Na zauna na kwance ƙullin gorona, wani ƙato ya diro ya fizge ɗaya, ya ɓantara, ya tofar, ya kalle ni da raini. Na ce, "Ɗan banza, fari ne, na Maigatari, ubanka bai taɓa gani ba." Wannan ta fassara.

Daga inda muka tsaya ana hango ƙoli. Gefe guda na dutsen baƙi ne, itatuwa a tsaye ba ganye. Ban tambaya ba. Arziki ne ya ce gobara ce, shekara tara ke nan.

Ƙafata lafiya lau.

Alhamis.

Alhamis ce. Ba na son Alhamis.

Asabar, bayan azahar.

Ta kira uwarta a waya, ina ji. Safinatu ta ce ita Yaya Kyauta ta sani, ba ta taɓa jin wani suna a bakin kowa ba.

Sai ta zo ta durƙusa a gabana. Yau ba wasa. Ba ta ce tsoho ba.

"Kaka, Kyauta ai laƙabi ne. Mene ne sunansa na yanka?"

Na ce, "Ke a wane gari aka haife ki? Kin taɓa jin uba ya kama sunan ɗan fari?"

"To rubuta min."

"Hannu ma ai nawa ne."

"Kaka, mutum muke nema, ba biki muka zo ba. Kunyar me za ka ji a ƙasar da ba wanda ya san ka?"

Na ce kunya ba don mutane ake yin ta ba. Na ce ruwan alwala ya huce, ta ɗumamo min.

Ta tashi. A bakin ƙofa ta ce an kira ta daga asibitin da take koyon aiki, sau biyu ke nan. In ta wuce mako mai zuwa, sai ta maimaita watannin nan daga farko. Ba ta faɗa da faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.

Litinin, da hantsi.

Jiya Arziki ya kai mu kufai. Ya ce na mutanen da ne, tun kafin Musulunci ya zo ƙasar. Masu jakunkuna suna ta ɗaukar hoton ginshiƙai. Ni magudanar ruwansu na bi. Sun sassaƙe dutse, sun janyo ruwa daga sama har cikin gari, gangaren bai fi kaurin yatsa ba a kowane taku goma. Na sa tafin hannu a ciki. Duk wanda ya yi wannan, da mun haɗu da mun sha hira ba tafinta.

Arziki ya ga haka ya ce ashe sana'ata ce. Ya ce to da na ga idon ruwan ƙoli. Wai wata shekara ruwan ƙauyen ya ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya. Sai baƙon nan ya yi kwana uku yana yawo yana ɗanɗana ƙasa da harshe. Suka ce ya taɓu. Ya nuna wani wuri mai ɓurɓushi, wanda kowa ya san in an haƙa rufta wa mutum zai yi. Ya haƙa. Yana sauka yana ɗaure bango da dutse daga sama, kamu ɗaya haƙa, kamu ɗaya ɗauri.

Na ji bakina ya ce, "Daga sama?"

Ya ce daga sama.

Na ce ina so in gani. Naja'atu ta ce tafiyar awa biyar ce, duk hawa. Ta ɗaura min abin awon jini, ta duba, ta juya min shi in gani kamar na san lambobin.

"Ba zan kai ka ka mutu a kan dutse don kallon ruwa ba. Ka ba ni dalili."

Na ce, "Ni mahaƙin rijiya ne."

Ta ce, "Wannan sana'a ce, ba dalili ba."

Talata, bayan asuba.

Matakalar masaukin nan ashirin da biyu ce. Na hau na sauka sau shida kafin ta tashi. Gobe takwas. In ba a kai ni ba, ƙafa tana kai mai ita.

Laraba, da walaha.

Ban faɗi ba. Zama na yi a kan matakala ta sha huɗu, sai gwiwa ta riga ni. Matar mai masauki ce ta cika ihu.

Ƙafata lafiya.

Laraba, bayan la'asar.

Arziki ya zo dubiya da zuma. Ya ce gajimaren da yake taruwa ta wajen teku na ƙanƙara ne. In ta sauka, ran Lahadi ko kafin nan, za su rufe hanyar ƙoli sai bayan wata huɗu. Takardar zamana a ƙasar kuwa saura kwana tara.

Naja'atu ta ce jibi za mu gwada wani gari a gabas, an ce akwai 'yan Nijar. Ta nuna min a waya. Awa shida a mota. Na kalli idonta, duk ya faɗa.

Yarinyar nan tana haƙa inda na san ba ruwa, ni kuma ina zaune a bakin ramin ina miƙa mata dagi.

Alhamis, bayan azahar. Ta fita sayen magani.

To. Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Rijiyar Gagarawa ce, ta arba'in da ɗaya. Ƙasar rairayi. Muna gaba tara ɗan farin nawa ya ce, "Baba, ƙasar nan ba ta da amana, a ɗaure ta daga sama muna sauka." Yana da shekara goma sha takwas. A gaban leburori ya faɗa. Na ce yaushe ƙwai ya fara koya wa kaza kwanci.

Abin da ya faru da azahar ya faru, rijiyar ta rufta da mutum a ciki. Mutanen Gagarawa sun sani. Wanda ya tashi da sanda har ƙarshen ransa ya sani.

Jama'a suka taru, ana tambaya wa ya yi ganganci. Sai na juya wajen yaron.

Sunansa na yanka na maigidana ne, wanda ya koya min haƙa, ya aurar da ni. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Waɗanda suka ci goron sunan duk ƙasa ta rufe su. Shekara goma sha takwas ban taɓa bari ya hau harshena ba. Ran nan na kira shi da shi, da ƙarfi, a gaban mutane, na ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Ya naɗe igiya tsaf, ya ajiye a gabana. Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, motoci suna ta wucewa arewa.

Sau ɗaya na taɓa kiran sunan ɗana, kuma jifa na yi da shi. Ashe ya sunkuya ya ɗauka, ya tafi da shi, shi yake amsawa.

In na faɗa, kuma aka ce shi ne, to ya mutu. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ransa a bakina. Amma wanda ya mutu shekara tara ba shirun tsoho ne zai tashe shi ba. Mai rai nake kashewa.

Bakina dai ba zai iya ba. Ga su nan a rarrabe, yadda malam ya koya mana:

Ɗa mai hannu. Lam. Ha ƙarami. Ta kuri.

Zan bar littafin a buɗe a kan tabarmar sallarta. Mantuwa ce irin ta tsufa.

Juma'a, da hantsi.

Ba mu je gabas ba.

Ta kawo min shayi, idonta jajir. Littafin yana kan matashina a rufe. Ba ta ce ta gani ba, ban ce na bari ba. Ta ɗaure min gwiwa da kyau, ta ƙirga min ƙwayoyi, ta tsaya sai da na haɗiye.

Sannan ta ce, "Tsoho, ka taɓa hawa alfadari?"

Na ce, "Amarya, tun uwarki ba ta san hanyar rijiya ba."

Ta ce gobe da sassafe. Ta juya da sauri ta fita.

'Yar gidanmu ce. Ta san abin da ba a faɗa.

Asabar, bayan la'asar. Ƙauyen ƙoli.

Zan rubuta tun abin yana da ɗumi.

Mun tashi gari bai gama wayewa ba. Arziki yana jan alfadari, Naja'atu a gefena da jakar magani. Muka ratsa itatuwan arz, muka wuce birai, muka fita fili inda iska take yanka kunne. Wata gaggafa ta yi ta kewaya a kanmu. Na ce mata ta yi haƙuri, da saura. Daga nan sai wurin gobarar. Kututture baƙaƙe a tsaye kamar masu jiran jana'iza, amma a tsakaninsu an dasa ƙanana, kowane an kewaye shi da duwatsu.

Da aka ce saura kaɗan, na ce a sauke ni. Naja'atu ta buɗe baki. Na ce ba zan je masa a kan dabba ba. Ta rufe. Ta ba ni kafaɗa, Arziki ya ba ni sandarsa. Na yi wa masu sanduna dariya, ga ni da tawa.

Gidaje bakwai ne, uku ke hayaƙi. Idon ruwan yana bayansu a jikin gangare. Rami ne gaba huɗu, an ɗaure shi da dutse ba siminti, ruwan yana fita ta ƙasa zuwa kwami. Na kwanta rubda ciki na leƙa.

Duk mahaƙi yana barin matakan ƙafa a bango. Nawa, na hagu yakan ɗan karkace, saboda gwiwar nan da ta dame ni tun ina saurayi. Ba koyarwa ba ce, lalura ce. Shi gwiwarsa lafiya lau take.

Na hagun a karkace yake. Tun daga sama har ƙasa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Da na ɗago, wata mace tana tsaye da tulun roba, matashiya, ita take kula da dashen nan na gandu. Fatarta ta fi tasu duhu. Goshin Larai ne, da yadda take karkata kai in tana sauraro. Arziki ya yi mata magana, Naja'atu ta ƙara. Ta ajiye tulun. Ba ta matso ba.

Sunanta Halima. Larai ai laƙabi ne. Sunan matata na yanka Halimatussa'adiya.

Ta ce uwarta ta rasu bara. Ta ce ran gobarar ubanta ya tura mata da yara cikin kwamin nan, ya jiƙa bargo, ya koma ɗauko wani tsoho makaho. Tsohon ya fita.

Ta ce ba ya zancen gida. Abu ɗaya ya taɓa faɗa, wai ubansa sau ɗaya ya kira sunansa.

Na ce gaskiya ya faɗa.

Sai ta yi wata magana doguwa, muryarta tana karyewa, Naja'atu tana fassarawa tana share hanci. Wai ita ma tana da tambaya, ta rasa wanda za ta yi wa. Ita kaɗai ya haifa. Ya goya ta, ya koya mata gane ƙasa mai ruwa, bai taɓa dukanta ba. Amma har ya mutu bai taɓa cewa Halima ba. Ko sau ɗaya. Yaran ƙauye suna yi mata gori, wai ubanta kunyarta yake ji. Wata kalma yake kiranta da ita, ba Larabci ba, ba yarensu ba.

Na ce wace kalma?

Wannan ba a fassara ba. Da bakinta ta faɗa.

"Inna."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, sai ta juye ta zama wani abu, har Arziki ya juya baya yana gyaran linzamin da ba abin da ya same shi.

Na ce, "Naja'atu, gaya mata da kyau, kada ki rage. Kunya ce, yaran ba su yi ƙarya ba. Amma ba irin wadda suke nufi ba. 'Yar fari ce, kuma sunan uwarsa take ɗauke da shi. A wurinmu abin da ya fi ƙarfin zuciya ba a ɗora shi a harshe. Duk ran da ya ce mata Inna, uwarsa ya kira, ita ma ya kira."

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "To shi da aka kira nasa sunan fa?"

Na ce, "Shi aka zalunta."

Sai ta matso. Ta kama hannuna ta sumbata, ta ɗora a goshinta, yadda suke yi a nan. Na ce, "Af, wata amaryar kuma. Naja'atu, kin ga abin da gudu ya jawo miki." Suka yi dariya su biyu, ɗaya ba ta ma san me na ce ba.

Kabarin yana sama da ruwan kaɗan, gindin wani ɓaure. Dutse ne fari, haruffa huɗu, a haɗe. Suka tsaya daga nesa. Na zauna wajen kansa, na yi masa addu'a, na yi wa Larai. Wani abu fari ya fara sauka a kan rigata, ba ƙara, kamar ana kaɗa auduga a sama.

Arziki ya ɗaga murya ya ce lokaci.

Na kira shi. Sau uku, a hankali, yadda ake tashin mai barci don kada sallah ta wuce shi. Harshena bai karye ba. Na ce, "Ni ne. Na zo. Maganar rijiyar Gagarawa, kai ka yi gaskiya."

Lahadi, da hantsi. Gindin dutse.

Mun kwana a gidan Halima, mun sauko da sassafe ƙanƙara tana bin diddigenmu. Sun rufe hanyar a bayanmu. Naja'atu za ta kama motar azahar, gobe tana asibiti. Halima ta cika min gora da ruwan, ta karɓi goro uku, ta ce in an buɗe hanya a nemo mata takarda, tana so ta ga Ɗanzomo. Na ce zan jira. Na iya jira.

Ƙafata tana ciwo. Ƙwarai.

An ce in rubuta rijiyoyi a littafin nan. Saba'in da huɗun suna kaina, ba inda za su. Ɗaya zan rubuta.

Ta saba'in da biyar. A kan dutse, arewa da hamada. Gaba huɗu. Ɗauri daga sama. Ruwa mai sanyi, ba gishiri, ba ta ƙafewa. Ta fi duk nawa.

Wanda ya haƙa: Ɗalha, ɗan Cindo.